Ciniki Yana Tafiya Amma Kuɗi Ba Sa Zama: Amsa Ga Mai Gidan Burodi

Tambayar ta fito ne daga wani mai gidan burodi a Kano, wanda yake kwaɓa buhu goma na fulawa a kullum. Yana da ma'aikata tara, da tanda ta itace, da injin kwaɓi mai aiki da lantarki, da mota ɗaya ta rabon kaya. Ya ce burodinsa yana fita kusan kowace rana, amma idan wata ya ƙare ba ya ganin abin da ya saura a hannu, har wani lokaci sai ya karɓi fulawa bashi. Yana tunanin ko ya sallami mutum biyu, ko kuma ya rage sukari da bota, yana neman a gaya masa wanda ya fi.

Malam, shawarata ita ce kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun a yanzu. Albashi da sukari su ne suka fi saurin zuwa zuciyar mai sana'a domin su ne yake gani da idonsa ranar biya, amma a irin gidan da ka kwatanta, mafi yawan kuɗin da ke zurarewa suna bi ne ta wuraren da ba wanda yake aunawa. Idan ka yanke hukunci kafin ka auna, kana iya korar mutanen da suke kawo maka riba, ka bar ɓarakar tana nan yadda take.

Matsin da kake ji gaskiya ne, kuma ya shafi kowa a wannan sana'a. Kusan duk alkamar da kamfanonin fulawa suke niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, saboda haka farashin buhu yana bin dala da kasuwar duniya. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a watan Fabrairun 2022 alkama ta yi tsada, har ƙungiyoyin masu gidajen burodi suka dakatar da aiki na wasu kwanaki a watan Yulin wannan shekarar. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake hannunka. Abin da yake hannunka shi ne yawan burodin da kowane buhu yake fitarwa, da abin da ka ƙona kafin ya gasu, da nawa ne daga cikinsa ya koma kuɗi ya dawo maka.

Don haka ka mayar da buhu ɗaya na fulawa ma'aunin komai. Ka sami littafi, ko irin na 'yan makaranta ya wadatar, ka ɗauki mako biyu ana rubuta abin da aka kashe kowace rana komai ƙanƙantarsa: sukari, bota, yis, gishiri, leda, itace, man janareta, katin wuta, man mota, abincin ma'aikata, ruwan da aka saya a wurin 'yan ga-ruwa, har kuɗin facin taya. A gefe guda a rubuta buhu nawa aka kwaɓa, burodi nawa ya fito daga tanda, nawa ya ƙone ko ya lalace, nawa aka fitar, nawa aka dawo da shi. Idan ka raba jimillar kowane kashi da yawan buhunan, za ka san abin da buhu ɗaya yake ci a itace, da abin da yake ci a mota, da sauransu. Wanda zai riƙe littafin kada ya zama shi ne mai kwaɓi ko direba. Ba zargi ya kawo wannan ba. Mutum ba ya iya zama mai aiki kuma mai ƙirga aikin kansa a lokaci guda, ko da kuwa amintacce ne.

Wuri na farko da nake so ka tsaya a kai shi ne teburin yanka. Buhu mai kilo 50, idan aka haɗa shi da ruwa da sukari da bota da sauran kayan haɗi, yana ba da kwaɓi kusan kilo 85, gwargwadon irin haɗin gidanka. A ce kowane burodi ana so ya zama giram 500 kafin ya shiga gwangwani, to buhu zai ba da 170. Amma mai yanka da ya saba da aiki yakan daina kallon sikeli, ya dogara da hannunsa, kuma hannu a kullum sama yake karkata, domin ba wanda yake son a ce burodinsa ya yi ƙaranci. Idan ya ƙara giram 20 kawai a kowane curi, abin da ido ba zai taɓa ganewa ba, buhun nan zai tsaya a 163. Burodi bakwai ke nan suka tafi a buhu ɗaya, kusan saba'in a buhu goma, fiye da dubu biyu a wata. Ka ninka wannan da farashin da kake bai wa masu sari, sannan ka kwatanta da albashin mutum biyun da kake son sallama. Mai saye bai san ka ƙara masa komai ba, bai kuma gode maka ba. Maganin abin ba shi da tsada: sikeli na lantarki guda biyu, ɗaya a wurin haɗi ɗaya a wurin yanka, da doka cewa kowane curi sai ya hau sikeli. Haka kuma a daina ɗiban sukari da kwano ko bota da hannu. A rubuta haɗin buhu ɗaya da kilo da giram, a manna a bango, a auna na kowane kwaɓi a ware tun kafin a kunna inji. Da safe ka ɗauki burodi biyar daga wurare daban-daban ka auna da kanka. Idan ma'aikata suka ga kana yin haka a kai a kai, hannun mai yanka zai dawo daidai ba tare da ka ɗaga murya ba.

Na biyu shi ne burodin da ake dawowa da shi. Ka ce kayanka suna fita kullum, amma fita daban, sayuwa daban. Wanda mai shayi ko mai kanti ya dawo maka da shi bayan kwana uku ya riga ya ci fulawarsa da itacensa da ledarsa da man mota sau biyu, kuma abin da masu kiwo za su biya a kansa bai kai ko kuɗin fulawar ba. Idan cikin burodi ɗari ana dawo da biyar, a sana'ar da ribarta ba ta da kauri, wannan kaɗai yana iya cinye rabin abin da ya kamata ya zama naka. Mai karɓar kaya da yake da tabbacin za a amshi ragowa ba shi da dalilin yin lissafi, kullum zai ce a ƙara masa. Ka buɗe wa kowane mai sari shafinsa a littafi, ka ga abin da yake iya sayarwa ranar Litinin da abin da yake sayarwa ranar Juma'a, ka riƙa ba shi daidai wannan. Sannan ka sa iyaka a kan abin da za ka karɓa, ko kuma ka ɗan sauƙaƙa farashi ga wanda ya yarda ba zai dawo da komai ba. Ka kuma lura da lokaci, domin shayi yana tafiya da sanyin hunturu fiye da bazara, a zafi da damina burodi yana saurin yin fumfuna, azumi yana sauya sa'o'in ciniki gaba ɗaya, hutun makarantu kuma yana taɓa ƙananan burodi. Gidan da yake kwaɓa buhu goma kowace rana ta Allah, ba ƙari ba ragi, to akwai ranakun da yake gasa asara da hannunsa.

Batun wuta yana buƙatar lissafi, saboda mutane da yawa suna fushi da kuɗin katin wuta su koma janareta, alhali janaretan ya fi tsada. Janaretan dizal mai lafiya, idan yana ɗauke da nauyin da ya dace da shi, yana ba da kimanin yunit uku daga lita ɗaya. Idan lita tana naira 1,200, alal misali, yunit ɗaya ya kama naira 400 ke nan, ba a sa kuɗin baƙin mai da filta da makanike ba. Ƙaramin janaretan fetur ya fi haka muni, domin da wuya lita ta ba shi fiye da yunit ɗaya da rabi. Ko a Band A kake, wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ta fi sauƙi, balle idan layinku yana rukunin ƙasa. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ka tsara kwaɓi ya faɗo a sa'o'in da aka saba kawo wuta a unguwarku. Rukunin A an yi masa alƙawarin aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. Ka duba rukunin da aka rubuta a takardar wutarka, ka riƙa rubuta sa'o'in da kake samu, domin idan ana cajin ka kuɗin A ana ba ka wutar C kana da haƙƙin kai ƙorafi ofishin kamfanin, idan bai saurare ka ba ka wuce zuwa ga NERC. Idan har yanzu ba ka da mita, neman ta ya fi komai gaggawa, saboda wanda ake yi wa ƙiyasi ba ya cin ribar tattalin da ya yi.

Akwai kuma ɓarnar da babban janareta yake yi idan aka bar shi yana aiki don ƙwan fitila shida da fanka biyu. Injin dizal da ke tafiya da ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa yana shan mai da yawa a kan kowane yunit, kuma man da bai ƙone sosai ba yana taruwa a cikinsa ya rage masa kwana. Ba zan ce ka sayar da shi ka sayi ƙarami ba, domin injin kwaɓi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin tashi, ƙaramin janareta ba zai ɗaga shi ba. Abin yi shi ne a haɗa duk aikin da ke buƙatar babban inji a lokaci ɗaya, a gama a kashe. Fitilu da fanka da injin liƙe leda da cajin waya da na'urar POS, waɗannan su ne aikin sola, kuma Kano tana da rana isasshiya. Kafin ka saya ka raba kuɗin kayan da abin da za su rage maka na mai a wata, ka ga wata nawa za su ɗauka su biya kansu. Idan bai kai shekara biyu ba ka saya, idan ya haura uku ka dakata. Batirin lithium ya fi tsada a farko amma ya fi na ruwa daɗewa nesa ba kusa ba, kuma ko wanne ne kada a ajiye shi kusa da tanda, domin zafi yana kashe batir. Da hunturu a riƙa goge faifan sola, ƙura tana rage abin da yake bayarwa sosai.

Tanda kuwa, mafi yawan itacen da take ci yana tafiya ne wajen ɗumama ta daga sanyi. Idan ta yi zafi aka tsaya jiran kwaɓi ya tashi, itace ne yake ƙonewa a banza, don haka ya kamata a jera kwaɓin ta yadda wani yana fita wani yana shiga, kuma kada a gasa da tanda rabi. Ɗanyen itace ko wanda ruwa ya daka yana kashe zafinsa wajen busar da kansa kafin ya fara yi maka aiki, shi ya sa sayen busasshe kafin damina da ajiye shi ƙarƙashin rumfa yake biyan kuɗin rumfar. Ka duba ƙofar tandar da bangonta. Tsagar da hannu yake jin zafi yana fita ta cikinta, magini zai toshe ta da kuɗi kaɗan.

A mota, ka auna kowace hanya ita kaɗai. Sau da yawa za ka tarar akwai mutum biyu ko uku a can bayan gari da suke karɓar burodi ashirin-ashirin, ribarsu ba ta biyan man zuwa da dawowa. Irin waɗannan ko su haɗu a wuri ɗaya, ko su zo su ɗauka da kansu a rage musu wani abu, ko a haƙura da su. Mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG yana rage kuɗi, amma sai idan akwai gidan mai da ke sayar da ita kusa da hanyarka.

Maganar karɓar fulawa bashi da ka yi a ƙarshen tambayarka ta fi damuna fiye da sauran, domin tana nuna cewa jarinka yana hannun mutane. Dila ba ya ba da bashi kyauta. A ce buhu naira 60,000 ne kuɗi hannu, shi kuma ya ɗora 1,500 saboda za ka biya bayan mako biyu. Ƙarin ya yi kama da ƙarami, amma kashi biyu da rabi ne cikin ɗari a mako biyu, wanda idan ya ci gaba duk shekara ya kai kashi 65. Kai kuma kana bai wa masu shayi kaya ba tare da ƙarin ko sisi ba, wasu su yi wata ba su cika ba. A lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024, duk kuɗin da ya kwana wata guda a hannun wani ya dawo ba ya sayen abin da zai saya ranar da ya fita. Ba a iya hana bashi gaba ɗaya a wannan sana'a, amma ana iya yi masa iyaka: a biya na jiya kafin a karɓi na yau, kuma wanda bashinsa ya kai kuɗin kaya biyu a tsayar da shi har sai ya rage. Za ka rasa mutum ɗaya ko biyu. Kuɗin da ka tattaro daga sauran su za su ba ka damar shiga kasuwar Singa da kuɗi a hannu, ko ku haɗa da wasu gidajen burodi ku ɗauki mota guda daga babban dila. Sai dai kada kwaɗayin rangwame ya sa ka tara fulawar da ta wuce ta mako uku; zafi da laima suna ɓata ta, ƙwari suna shiga, farashi kuma yakan sauka kamar yadda yake hawa. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a fara amfani da wanda ya riga zuwa.

Akwai wani kashe kuɗin da masu sana'a ba sa son a ambata, wato aljihun maigida. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, ɗan'uwan da ya zo da lalura, duk daga cinikin ranar ake zara, kuma ba a rubutawa saboda ai kuɗinka ne. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowane ma'aikaci, ka buɗe wa gidan burodin asusunsa daban, duk abin da ka ɗauka sama da albashin ka rubuta shi bashi a kanka. Haka burodin da ake bai wa ma'aikata da maƙwabta da almajirai. Alheri ne, ban ce ka daina ba, amma ka ƙayyade adadinsa a rana kuma ya shiga littafi, domin abin da ba shi da adadi kowa yana iya fakewa da shi.

Kuɗin banki da haya ba su kai waɗannan nauyi ba. Ka karɓi bayanin asusunka na wata uku ka haɗa abin da aka cire, har da naira 50 da ake ɗauka a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000, ka kwatanta cajin na'urorin POS, ka riƙe mai sauƙi. Haya kuwa, a fara maganarta da mai gida wata uku kafin ta ƙare.

Yanzu sai mu koma ga ma'aikata. Idan littafi ya nuna lallai akwai hannun da ya yi yawa, sai a rage, amma ka tuna cewa sabon mai kwaɓi ko mai tanda yana ƙona kaya na makonni kafin hannunsa ya zauna, kuma wanda ka sallama yakan tafi da sanin haɗinka da masu sarinka zuwa gidan da ke gaba. Abin da ya fi amfani shi ne sauya yadda ake biya. Idan a kan buhu kake biya, ka koya musu sauri ne kawai; ka ɗaura wani kaso na ladan a kan yawan lafiyayyen burodin da buhu ya fitar, direba kuma ka ba shi ɗan kamasho a kan kuɗin da ya karɓo, ba a kan kayan da ya sauke ba.

Rage sukari da bota kuwa ban goyi baya ba, domin mai shayi yana gane sauyin ɗanɗano a rana ɗaya, kuma a Kano ba a rasa wani gidan burodin da zai kawo masa kaya gobe da asuba. Mafi haɗari shi ne masu zuwa da shawarar a zuba sinadarin bromate don burodi ya kumbura da fulawa kaɗan. Hukumar NAFDAC ta haramta shi saboda illarsa ga lafiya, kuma ana rufe gidan da aka kama da shi. Rage nauyin burodi a ɓoye ana sayar da shi a matsayin na da shi ma tauye awo ne, ka san hukuncinsa a addini. Haka nan kada tsimi ya kai ka ga jinkirta juyen baƙin man janareta da mota, domin kuɗin gyaran injin da ya buga ya ninka na juyen mai sau da yawa.

Idan ka yi wata guda kana wannan aikin, ka fitar da kuɗin da kowane irin burodi yake ci shi kaɗai, babba da matsakaici da ƙarami. Ƙaramin burodi yana cin leda da aikin hannu da gwangwani fiye da rabonsa na fulawa, saboda haka a gidaje da yawa shi ne yake fita da yawa kuma shi ne ribarsa ta fi siranta. Wanda ka ga kuɗin yin sa ya kai ko ya wuce farashinsa, ko ka daina yin sa, ko ka ƙara masa kuɗi a fili. Idan ƙarin za ka yi, ka sanar da masu sarinka mako guda kafin ranar, ka gaya musu sabon farashi da nauyin da burodin zai ci gaba da kasancewa a kai, kuma ka tuntuɓi shugabannin ƙungiyarku na yankin ko sauran gidaje suna shirin motsawa, domin ƙarin da aka yi tare ya fi saurin karɓuwa a wurin masu shayi.